KANYAR GONAR KAWU

A wannan wata ina so ku biyo ni mu tafi kudancin Jihar Sakkwato, ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda na yi bikin Kirsimati na shekarar 2024 a gidan kawuna. Na sani waɗansu za su ce, "Af, ashe akwai masu bi a can?" Akwai su. Ba su da yawa, amma suna nan, suna noma, suna kiwo, ran Lahadi kuma suna raira waƙa har maƙwabta su ji.

Shekara tara rabona da gidan. Abin da ya tashe ni kuwa, wata rana da yamma Kawu ya hau kan tudun da ake samun waya a ƙauyensu, ya kira ni, ya ce, "Ɗana, bana ka zo. Akwai maganar da ba ta waya ba ce." Bai ƙara kome ba. Wanda ya san dattawanmu ya san in sun taƙaita magana haka, to, maganar babba ce.

Na tashi daga Zariya da sassafe, muka bi ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, domin a 'yan shekarun nan mai hankali ba ya bari dare ya yi masa a wannan hanya. Na kwana a Sakkwato. Kashegari, ran Asabar 21 ga Disamba, na shiga motar Jega. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, don haka direba ya cusa mu biyu a gaba, huɗu a baya, aka ɗaure akuya a but. Hazon hunturu ya rufe ko'ina, rana ta fito fara fat kamar faranti. Muka wuce Bodinga, muka wuce Sifawa inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato ya rasu a 1817. Muka wuce Shagari, garin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Daga nan sai Dogondaji, sai Tambuwal. Tafiyar kusan kilomita 100 ce.

Tambuwal tsohon gari ne na zamanin jihadi. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu Usmanu, shi ya zauna a nan ya tsare wannan gefe na daular, zuriyarsa kuwa ta riƙe sarautar garin. Mutanen yanzu sun fi jin sunan garin saboda Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya zama kakakin majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya kuma yi gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023. Amma ni abin da na fi tunawa da Tambuwal shi ne ƙanshin albasa a tasha, da masa mai zafi da wata mata take soyawa a bakin titi. Na ci guda biyar, na sha ruwa, na nemi ɗan kabu-kabu, wato mai babur ɗin haya, kamar yadda Sakkwatawa ke kiransa.

Daga Tambuwal muka yi kudu, hanyar Kebbe. Kada mai karatu ya rikita Kebbe da Kebbi. Kebbi jiha ce da aka yanka daga Sakkwato a 1991. Kebbe kuwa ƙaramar hukuma ce a ƙarshen Jihar Sakkwato ta kudu, tana iyaka da Jihar Kebbi da Jihar Zamfara, Gulbin Zamfara kuma yana ratsa ƙasar kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Wanda ya saba da arewacin jihar, wajen Illela da Gwadabawa, zai ga a nan itatuwa sun fi yawa, ƙasa kuma ta fi ƙarfi. An riga an girbe gero da dawa, gonaki sun yi fili, sai kara a tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki. A fadamu kuwa ana ta ban ruwan albasa da tattasai. Ba zan faɗi sunan ƙauyen Kawu ba. Kun san zamanin da muke ciki.

Tun daga nesa yara suka hango mu. Kafin in sauka daga babur an ƙwace jakata, an ƙwace ledar burodi, wani yaro ya kama hannuna na dama, wata yarinya ta kama na hagu, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Inna, matar Kawu, ta fito tana goge hannu da zane, tana cewa, "Lale, lale da mutanen Zazzau! Ashe ka tuna hanya?" Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in tashi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce birni bai karɓe ni ba, na rame. Haka ta ke faɗa wa kowa.

Kawu da Inna 'ya'ya tara Allah ya ba su, biyar maza, huɗu mata. Suka kuma ɗauki marayu biyu na ƙanen Kawu da ya rasu. Manyan biyu sun yi aure, suna nan cikin gidan da matansu da 'ya'yansu. Da waɗanda suka dawo hutu daga makaranta da mu baƙi, daren nan mutum 24 muka ci tuwo. Maƙwabta sukan yi wa Kawu ba'a, su ce, "Malam, kai da mace ɗaya ka tara abin da mu masu uku ba mu tara ba." Shi kuma ya yi dariya ya ce aikin Allah ne.

Yadda aka yi bangaskiya ta shigo gidan nan, ga shi a taƙaice. Kakanmu ɗan ƙauyen ne. Yana saurayi cutar kuturta ta kama shi, aka kai shi Amanawa, kusa da Sakkwato, inda Mishan ɗin SIM take jiyyar kutare tun ƙarshen shekarun 1930. Ya yi shekaru a can. Ya sami magani, ya koyi karatun boko, ya ji bishara, ya ba da gaskiya. Ya komo gida da yatsu bakwai da Littafi Mai Tsarki na fassarar 1932. Littafin yana nan har yau cikin akwatin Kawu, an naɗe shi da farin ƙyalle, bangonsa ya rabu. 'Yan'uwansa ba su ji daɗi ba da fari, amma ba su kore shi ba. Hakimin lokacin ya ba shi gona a bakin rafi, inda ba wanda yake so saboda suri da ƙaya. A tsakiyar gonar kuwa akwai wata kanya, a lokacin ma ta riga ta zama babba.

Ran Lahadi muka yi sujada a wani ɗakin ƙasa mai rufin kwano. Gidaje huɗu ne duka ekklisiyar, gidan Kawu ya fi rabi. Sauran, biyu mutanen ƙasar Zuru ne da noma ya kawo su, ɗaya kuma ma'aikacin lafiya ne. Ba su da fasto zaunanne. Kawu ne ya yi wa'azi, matan zumunta suka buga tulu da kacau-kacau, aka yi addu'a domin waɗanda aka sace a ƙauyukan gabas da domin masu mulki. Bayan an tashi na ce, "Kawu, ga ni na zo. Wace magana ce?" Ya ce, "Gobe ka bi su Innarka daji tukuna. In ka komo ma yi magana."

To, Litinin tun asuba na ji Inna tana ta da yara. Aka sha kunun tsamiya, aka ɗauki ƙore da kwanduna da tsofaffin buhuna, samari suka ɗauki gora biyu masu ƙugiya a kai. Mu 14 muka fita, 'ya'yan maƙwabta shida kuma suka biyo mu, domin iyayensu sun fi sakin jiki in yaransu suna tare da Inna. Sanyi kuwa sai ka ce ana yanka kunne da reza. Kafin mu bar ƙofar gida Inna ta tsai da mu, ta ƙidaya mu ɗaya ɗaya, ta yi gajeriyar addu'a, sa'an nan ta maimaita dokokinta: ba mai tsallake rafi, ba mai rabuwa da jama'a, kafin azahar kowa yana gida. Da muna yara ba mu san irin waɗannan dokoki ba. Mukan wuni a daji har ƙasar Kuchi, abin tsoronmu maciji ne kawai da dukan da za mu sha in mun yi dare.

Muka fara da magarya, gama ita ce a kusa. Ku mutanen birni da kuke saye a leda a bakin makaranta, ku sani kowace ƙwaya da jinin yatsa aka samo ta. Ƙayar magarya biyu-biyu take, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiyar kifi, in ta kama riga sai ka koma da baya kafin ta sake ka. Ba a tsinkarta da hannu sai dole. Akan share gindin itacen, a shimfiɗa buhu, samari su kaɗa rassa da gora, 'ya'yan su zubo kamar ƙanƙara, yara su bi suna tsincewa. Jajayen da suka bushe suka yi yamutsa-yamutsa su ne masu zaƙi. Inna takan shanya su, ta daka, ta tankaɗe, ta sami gari mai ɗanɗano da ake damawa ko a dunƙula a turara. Wata 'yar jikar Kawu ta kawo mini waɗansu manya masu sheƙi, tana murmushi. Na jefa a baki, sai ɗaci ya gauraye mini harshe. Ashe magaryar kura ce! Yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Wai duk baƙon da ya zo sai sun yi masa haka.

Kusa da nan akwai kurna biyu. Kurna 'yar'uwar magarya ce, sai dai ita takan yi babban itace mai inuwa. Na tsaya na gaya wa yaran abin da na karanta, cewa masanan itatuwa sun raɗa mata suna da harshen Latin wanda ma'anarsa ita ce ƙayar Almasihu, domin tana tsirowa a ƙasar Falasɗinu, tun dā kuma mutane suna cewa da irin ƙayarta sojoji suka yi kambin da suka sa wa Ubangijinmu. Littafi Mai Tsarki bai ambaci sunan itacen ba, faɗar mutane ce. Duk da haka wani yaro ya karyo ɗan reshe, ya taɓa tsinin da yatsa, ya yi shiru. Wata 'yar maƙwabta kuwa ta ce su a gidansu da ganyen magarya ake wa mamaci wanka. Kowa ya faɗi abin da ya sani, muka ci gaba.

Aduwa ba a wahala da ita, a ƙasa ake tsinta, sai dai a yi tsere da awaki. A ɓare busasshen ɓawon, a tsotsi abin da ke ciki, zaƙi da ɗaci a haɗe. Inna ta gargaɗe ni kada in wuce biyar, in ba haka ba zan kwana ina zarya bayan gida. Ƙwallon ma ba a yarwa, akan fasa a fitar da mai daga ƙwayar. Da itacenta kuma masassaƙa ke yin allon da almajirai ke karatu da shi. Muka kakkaɓo tsamiya buhu guda. Goruba tana can tsallaken rafi, muna ganinta, amma doka ta hana.

Ina tafe ina tambayar Inna, ita kuwa tana lissafa mini shekara da 'ya'yan itace kamar mai karanta kalanda. Da bazara ɗorawa, a sha garin, a dafa kalwa a yi daddawa. Farkon damina tsada da faru da kaɗanya, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki kuma ya yi yawa. Ƙarshen damina ɗinya, wadda ake dafawa a yi maɗi. Da kaka da hunturu kuwa ga su nan muna tsinta. Ta ce, "Ɗana, Allah bai bar wata ɗaya ba abin sawa a baki ba. Mu ne muke sare abincinmu mu yi gawayi." Na kuwa ga shaidar maganarta. Wuraren da na sani da duhuwar itatuwa yanzu kututture ne, a bakin hanya kuma buhunan gawayi ne jere suna jiran motar birni. Ban ga laifin talakan da ya sare ba, ban kuma wanke kaina ba, gama da gawayin nan matata take dafa mini abinci a Zariya tun da gas ya yi tsada.

Wajen ƙarfe goma muka iso gonar Kawu. Kanyar tana nan yadda na bar ta, sai dai ta ƙara girma, ko kuwa don sauran sun tafi ne ta zama kamar ta ƙaru. Baƙin gindi, mutum uku sai sun haɗa hannu kafin su kewaye shi, tana tsaye kan tsohon suri, ganyenta kore shar a lokacin da kome ya bushe. Kanya akwai mace akwai namiji, namijin fure kawai yake yi, ba ya 'ya'ya. Wannan mace ce, kuma a faɗar Inna babu mai zaƙinta daga nan har Kebbe. Ɗanyar kanya takan ɗaure baki, amma in ta nuna ta yi rawaya, ka matsa ta a baki, sai ka ji kamar zuma da ɗan gari-gari. Samari uku suka hau. Aka shimfiɗa zannuwa. Yara suna tsinta suna ci, ɗaya a ƙwarya, biyu a baki. Wani saurayi daga sama ya leƙo ya ce mini, "Yaya, ba ka hawowa? Kanya ta nuna, biri ya karye!" Na ce shekaru ne suka karya birin.

Muna cikin wannan sai wanda yake can ƙololuwa ya yi shiru, ya ce a hankali, "Inna, babura." Muka kasa kunne. Daga gabas, wajen daji, ana jin rurin babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ban taɓa ganin yara sun yi tsit da sauri haka ba. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya yi gudu. Inna ta nuna kwarin rafi da hannu, kowa ya bar ƙwaryarsa ya gangara ya kwanta cikin sabara. Na gane ba yau suka fara ba, abin nan kuwa ya fi rurin baburan tsorata ni. Inna tana kwance tana ƙidaya da leɓe. Ta kai 19. Ta sāke. Sha tara dai. Ta dube ni, ta ce, "Auta."

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Inna ta yunƙura za ta tashi, babbar 'yarta ta riƙe mata zane. Ni dai bakina yana ta motsi, ban iya haɗa addu'a ba sai sunan Yesu. Baburan suka matso, suka matso, sai muka ji guɗa. Guɗa! Ashe 'yan kai amarya ne daga wani ƙauye, babur takwas, mata da akwatuna da katifa a ɗaure. Suka wuce suna ta da ƙura. Muka fito. Auta kuwa, yaro ɗan shekara shida, yana can cikin wani reshe mai duhu inda ya laɓe tun farko don kada a hana shi hawa, kumatunsa cike da kanya. Inna ta sauko da shi, ta ɗaga hannu za ta make shi, sai ta rungume shi, ta zauna a ƙasa. Ba wanda ya yi maganar abin har muka iso gida. Amma ba a bar ƙwarya ko ɗaya a baya ba.

Da dare, bayan addu'ar iyali, Kawu ya kira ni da Inna da manyan 'ya'yansa maza biyu zuwa zaure. Ya ce 'yarsa ta biyar ta sami shiga makarantar koyon aikin jinya, ana so a biya kuɗi cikin Janairu, in ba haka ba a ba wani gurbin. Gero bai yi yadda aka sa rai ba, gama gonarsa ta cikin daji shekara biyu ke nan ba a noma ta saboda tsoro. Ga kuma wani mai injin yanka katako ya zo har sau uku yana taya kanyar. Itacen kanya yana da tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, don haka masu katako suke sonsa. Abin da mutumin ya taya zai biya wajen rabin kuɗin makarantar. Kawu ya ce, "Ni na rasa yadda zan yi. Itacen babana ne. Yarinya kuma tawa ce. Kai da ka yi karatu, me ka gani?"

Kunya ta kama ni, gama ga wanda aka kira mai karatu, amma abin da na zo da shi a aljihu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba. Babban ɗan ya ce a sayar. Ya ce itace ba ya ba mutum allura, amma ƙanwarsa in ta gama za ta yi wa ƙauyen nan duka amfani, inda mace mai naƙuda sai an ɗauke ta a babur zuwa gari. Ya ce ko ba su sayar ba, wata rana ɓarayin itace za su sare ta da dare, a tashi ba wan ba ƙanen. Maganarsa da gaskiya a ciki, ban iya musa ta ba. Inna kuwa ta ce kuɗin katako sau ɗaya ake ci, amma kanyar nan kowace shekara ita ke saya wa yara takalma da littafin rubutu, gama 'yan matan sukan kai tiya-tiya kasuwar Tambuwal. Ta ce, "Maigida, ka tuna 1984." Kawu ya sunkuyar da kai. Shekarar nan ta fari, wadda ta bi bayan farin 1973, shi yana saurayi, ya ce da tafasa da 'ya'yan itace suka kai ga damina.

Ni abin da na iya kawowa labarin Maradi ne. Na gaya musu yadda a can Jamhuriyar Nijar, cikin shekarun 1980, wani ma'aikacin Mishan ɗin SIM mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, sai ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu tana da rai, kowace shekara suna toho manoma suna sassabewa. Ya shawarci manoma su bar toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kiyaye su. Mutane suka yi masa dariya da fari. Amma abin ya bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta an mai da itatuwa wajen miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a ƙasar Nijar. A can suna kiransa sassabin zamani. Ɗan Kawu na biyu ya ce gonarsu cike take da irin waɗannan kututture, na kalgo da sabara da magarya, zai gwada bana. Babban kuwa ya ce, "Yaya, wannan duka da kyau, amma toho ba zai biya kuɗin Janairu ba." Aka tashi ba a yanke kome ba.

Ran Laraba aka yi Kirsimati. An yanka akuya, an dafa shinkafa a babbar tukunya, yara suka yi ta kai kwano gida gida, kamar yadda maƙwabta su ma ke aiko musu da nama ran Babbar Salla. Da yamma Hakimi ya aiko da gaisuwa, mutane suka yi ta shigowa yi wa Kawu barka. Cikinsu akwai wata tsohuwa Musulma, sa'ar mahaifiyar Kawu, tana dogara sanda. Duk maganar mutanen gidan na mai da ita Hausar da muka saba karantawa, amma tata zan rubuta yadda ta faɗa. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Malam, na jiya wai kana son sai da iccen ga. Iccen ga ya hi ka shekaru. Ubanka bai taɓa hana ɗiyanmu ɗibar kanya ba, ko shekarar yunwa. In ka sare shi, mi za mu ce ma jikokinmu?" Kawu ya ce, "Iya, ba a yanke ba tukuna." Ta ce, "To, kak a yanke." Ta kwance bakin zanenta, ta fitar da 'yan kuɗi a nannaɗe, ta ajiye gaban Inna, ta ce a ƙara a na makarantar yarinya. Kuɗin ba su kai na mudun gero biyu ba. Inna ta sa hannu biyu ta karɓa.

A ƙauyen, ɗorawa da kuka na mai gona ne, ba mai taɓawa sai da izini. Amma kakanmu, tun da ya karanta dokar kala cikin Littafin Firistoci sura 19, da labarin Rut a gonar Bo'aza, ya ce kanyarsa ta kowa ce, abin da ya faɗo ƙasa na wanda ya tsinta ne. Ban san wannan ba sai daren nan da Kawu ya faɗa mana.

Kashegari da safe Kawu ya kira mu, ya ce ya kwana yana addu'a, ga abin da ya yanke. Ba za a sare kanya bana ba. Za a sayar da ɗaya daga cikin bijiman huɗa biyu. Inna ta ce a haɗa da awakinta biyu da daddawar da ta tara. Na ajiye abin da na zo da shi. Babban ɗan bai ji daɗi ba, ya ce da sa ɗaya ba a huɗa, in damina ta faɗi sai sun yi haya ko su koma ga garmar hannu, shi ne kuwa zai sha wahalar. Kawu ya ce ya sani. Ya ce in Allah ya kai mu, a ga abin da albasa za ta yi, ko a sami ɗan maraƙi a haɗa. Ga shekara ta biyu ta makaranta kuma tana zuwa da nata kuɗin. Mai katako da ya ji labari ya aiko cewa ba kome, zai sāke zagayowa baɗi.

Yarinyar ba ta ce kome ba a gaban iyayenta. Amma da na fito zan tafi ran Jumma'a, na same ta a turke tana ba bijimin dusa da hannunta.

Ɗan kabu-kabu ya zo tun hantsi, don in sami motar Sakkwato da wuri. Inna ta cika mini jaka da tsamiya da garin magarya da daddawa, ta kawo kanya cikin ƙaramar ƙwarya ta ɗaure da ƙyalle, ta ce in riƙe a hannu kada ta matse. Aka taru a ƙofar gida, Kawu ya yi addu'a, Inna ta ce in gai da mutanen gida, kada kuma in sāke yin shekara tara. Har babur ya tashi sai ga Auta da gudu, ya tura mini wani abu a aljihun riga. Sai da muka kai Tambuwal na duba. Ƙwallayen kanya ne guda shida, ya tsotse su tas, ya shanya. Matata ta shuka su cikin tsofaffin gwangwanaye a bayan ɗaki. Biyu sun tsiro.